Gwiwarka da Takardar Likita

Bronx, New York

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana Khalifa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kiyaye ka a wannan tafiya da za ka yi zuwa Slovenia, Ya sauke jirginku lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a kulob ɗin da ya ɗauke ka. Allah Ya tsare maka jikinka da imaninka.

Na san karatun Hausa yana ba ka wahala, ko da yake kana jin duk abin da muke faɗa a gida. Ka bi ta a hankali. Na gwada rubuta ta da Turanci, sai na ga Turancin nawa na ciniki ne, ya iya faɗin farashin hula da bel, bai iya ɗaukar abin da ke raina ba.

Mutane suna ta ba ka shawara a kwanakin nan, kowa da tasa. Ni ba ni da wata hikima da zan ƙara a kai. Abin da nake da shi kurakuraina ne, kuma yawancinsu a kanka na yi su. Zan faɗa maka su yadda suka faru.

Kana ɗan shekara goma sha huɗu lokacin da ɗan wasan ƙwallon kwandon nan na Slovenia ya zo Amurka. A lokacin kai dogo ne mai jiki, ba ka da sauri, yaran filin unguwa ba sa son zaɓenka. Wata ranar Asabar ka zo teburin sayar da kayana a Fordham Road da waya a hannu, ka ce, "Baba, dubi wannan. Ba ya gudu kamar sauran, ba ya tsalle sosai, amma ba wanda ya iya tare shi." Na leƙa na ga wani farin yaro mai kumatu yana tafiya da ƙwallo kamar ba shi da gaggawa, ya ja da baya taku ɗaya ya jefa ta shiga kwando. Na ce maka ka matsa, kana tare wa masu saye hanya.

Ban kula da shi ba sai da jesinsa ta fara tafiya. Yaran Dominika suna nema, yaranmu na Afirka suna nema, har tsofaffin mata suna zuwa da sunansa a rubuce a takarda don su saya wa jikoki. Na tambaye ka ko Slovenia a cikin Rasha take. Ka yi dariya, ka nuna mini taswira, ka ce ƙasar gaba ɗayanta mutanenta ba su kai na birnin Kano ba. Ka ce tun yana yaro ya bar iyayensa ya tafi wata ƙasa koyon wasa. Kai rayuwarsa kake ba ni labari, ni kuwa ina tunanin kala nawa zan ƙaro daga wajen 'yan sari a Canal Street.

Da ƙaramar Sallah ta matso ka roƙe ni abu ɗaya: jesinsa ta ainihi, ba irin ta teburina ba. Na ce to. Ban je ko'ina ba. Na zaro ɗaya daga cikin kayana, na goge ta, na sa ta a ledar wani babban kanti da na tsinta. Ka tambaye ni, "Baba, ta gaske ce?" Na ce wallahi ta gaske ce. Ranar farko da ka sa ta zuwa makaranta, yara suka nuna maka cewa ƙananan alamomin nan da ke kan harufan sunansa babu su, kuma ɗinkin lambar ya karkace. Da yamma ka zo ka ninke ta ka ajiye a kan tebur, cikin 'yan'uwanta. Maimakon in ba ka haƙuri sai na ce, "To mene ne? Ba riga ba ce?" Na sayar da ita a makon.

Ba rashin hali ne ya hana ni ba. Gani na yi ba ka isa in wahala a kanka ba, tunda yaro ne kai kuma ka yarda da ni. Khalifa, ka kiyayi ƙaramar ƙarya ga wanda ya yarda da kai. Idan ba za ka iya abu ba ka ce ba za ka iya ba. Kuma kada ka sa sunan Allah a kan abin da ka san ba haka yake ba. Daga ranar nan na lura duk abin da na faɗa maka sai ka ɗan dube ni tukuna kafin ka amsa.

Bayan shekara biyu kocin makarantarku, Mista Rivera, ya zo har teburina. Mutum ne gajere mai furfura, ya tsaya ya jira na sallami masu saye. Ya ce, "Mista Sani, ɗanka yana ganin fili yadda yara kaɗan suke gani. Idan aka bi shi a hankali zai yi karatun jami'a da wannan wasan." Ya ce a hankali. Wannan kalmar ban ji ta ba. Abin da na ji shi ne ina da irin wancan yaron na Slovenia a cikin gidana.

Daga nan na juya gaba ɗaya. Ni da ban taɓa zuwa kallonka ba, na zama ba na fashin wasa. Bayan sallar Juma'a in tsaya a ƙofar masallaci ina cewa nawa ma yana nan tafe. Na laƙa maka suna Ɗan Slovenia, har mutane suka kama. Idan kun dawo daga wasa, ba na tambayarka ko ka gaji, sai in ce wancan a shekarunka ya riga ya fara wasa da manya. Ka taɓa ce mini, "Baba, ni ba shi ba ne." Na ce ai don ba ka so ne.

A wurin kallo kuwa na zama abin kunya. Ina ihu a kan alƙalan wasa, ina zagi da Hausa don na san ba sa ji. Ranar da kuka buga da wata makaranta a Harlem, alƙali ya tsayar da wasa ya ce sai an fitar da ni. Mai gadi ya raka ni har bakin titi, iyayen yara suna kallo. Na tsaya a waje cikin sanyi har kuka gama. A jirgin ƙasa muna komawa, na ce maka ai shi ma gwanin naka kullum yana musu da alƙalai. Ka ce, "Shi wasa yake yi, Baba. Kai kallo ka zo. Yanzu a makaranta ba a kirana da sunana, sai a ce ɗan mutumin nan mai ihu."

A can za a yi maka hukuncin da ba daidai ba, kuma da harshen da ba ka ji. Ka riƙe bakinka, ka koma wurinka. Idan kana son mutum, ka ɗauki abin kirkinsa ka bar masa sauran. Ni a duk halayen yaron nan, mafi muni na zaɓa na kafa hujja da shi. Kuma za ka sauka a ƙasarsa, inda na tabbata kowane yaro da hotonsa ya tashi. Wani zai kwatanta ka da shi don wasa, wani don ya ƙona maka rai. Ka yi murmushi ka gaya musu sunanka.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna shekararka ta ƙarshe a sakandare, gwiwarka ta hagu ta kumbura bayan wani wasa. Ni na kai ka asibitin unguwa, aka ɗauki hoto, likitar ta ce za ta kira idan sakamako ya fito. Tunda ba ka cika sha takwas ba, ni ta kira. Ina tsaye a tebur ranar Laraba da hantsi. Ta ce jijiyar da ke riƙe gwiwar ta ɗan tsage, ba ta yanke ba, idan ka huta mako shida aka yi gashi za ta iya warkewa. Ta ce, "Kada ya taɓa ƙwallo. Idan ya murɗe ta a haka, za ta tsinke gaba ɗaya." Ta maimaita sau biyu, ta tambaye ni ko na gane. Na ce na gane. Ta ce in zo in karɓi takarda in kai wa makaranta. Na je na karɓa.

A ranar Asabar ɗin makon ne masu neman 'yan wasa daga jami'o'i uku za su zo kallonku. Na riga na gaya wa kowa a masallaci. Na ninke takardar na sa ta a ƙarƙashin akwatin safa a ɗakin ajiyar kayana. Da na dawo gida na ce maka likita ta ce kumburi ne kawai, ka sa ƙanƙara. Ka ce, "Amma idan na juya tana yi mini kamar za ta zame." Na ce tsoro ne, manyan 'yan wasa da ciwo suke bugawa. Mamanka ta ce ko a bari ya huta. Na ce mata ba ta san harkar ba.

Kafin a fara wasan Mista Rivera ya ja ni gefe. Ya ce ya ga kana ɗingishi a atisaye, ko mun ga likita. Na ce mun gani, ta ce lafiya lau. Ya dube ni ya ce, "Ka tabbata?" Na ce ni ne ubansa.

Sauran ka fi ni sani, tunda a jikinka ya faru. Bayan hutun rabin lokaci ka karɓi ƙwallo, ka ja da baya taku ɗaya yadda ka koya a wurin gwanin naka, ƙafar ta tafi. Daga inda nake zaune na ji ƙarar. Ba ka yi kuka ba, ka dafe fuska da hannu biyu. Mutanen jami'o'in suka rufe littattafansu, kafin motar asibiti ta iso biyu sun fita.

A babban asibiti likitan ƙashi ya tambaya ko gwiwar ta taɓa samun matsala. Ka buɗe baki, na riga ka, na ce a'a. Da Mista Rivera ya iso, har da usur ɗin wasa a wuyansa bai cire ba, na tare shi a baranda na ɗaga murya. Na ce shi ya kashe maka ƙafa, ya bar ka a fili ba hutu don yana son ya ci wasa. Ma'aikatan jinya suna jina, mamanka tana jina. Mutumin nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, Mista Sani. Da na sani da ban sa shi ba." Ina kallonsa, na san takardar tana ƙarƙashin akwatin safa, na bar shi ya ba ni haƙuri.

Khalifa, ni na karya maka gwiwa. Ba koci ba ne, ba tsautsayi ba ne kamar yadda nake cewa idan an zo dubiya. Tallafin karatun da ka rasa, da aikin da aka yi maka, da shekarar da ka yi kana koyon hawa matakala, duk daga wayar nan ta ranar Laraba suka fito. Shekara biyar ke nan ina ɗauke da wannan. Mamanka ba ta sani ba.

Shawarata a nan gajeriya ce. Duk abin da ya shafi jikinka, ka ji shi da kunnenka daga bakin likita. Idan da yarensu ya yi magana, ka nemi mai fassara wanda ba ma'aikacin kulob ba ne. Ka karɓi takardarka ka karanta da kanka. Idan jikinka ya ce maka wani abu ba daidai ba, ka yarda da shi ko da koci da wakilinka da ubanka sun ce tsoro ne. Wanda yake da buri a kanka ba ya jin ciwonka, ko da yana sonka. Ni ina sonka a ranar, kuma na yi abin da na yi.

Abin da na yi bayan haka ma bai fi ba. Na kasa kallonka a kan sanduna, sai na janye. Na riƙa fita da sassafe ina dawowa bayan kun ci abinci. Mamanka ce take kai ka gashi kafin ta wuce gidan tsohuwar da take jinya, ta dawo ƙafafunta a kumbure. Mista Rivera yana zuwa duk Lahadi ya zauna da kai kuna kallon tsofaffin wasanni, ni kuwa in na ji muryarsa sai in shige ɗaki. Na san yadda ka fassara shirun nan. Ka ɗauka tunda ba za ka zama wancan ba, na gama da kai. Ƙanwarka Zainab ta gaya mini ka taɓa faɗa mata haka. Kunya ce ta hana ni zama kusa da kai, amma kai ba ka da hanyar sanin haka, kuma abin da ya iso gare ka ɗaya ne: ubanka ba ya nan.

Ka koma fili da kanka. Ƙaramar kwalejin unguwa, daga nan wata can arewacin jiha da ba a nuna wasanta a talabijin. Sau nawa ka ajiye mini jadawalin wasanninku a kan firij? Ban je ko ɗaya ba. Idan ka yi wa mutum laifi, ɗana, kada ka guje shi. Gudun yana zama laifi na biyu, kuma wani lokacin ya fi na farko ciwo.

Ka tuna lokacin da kulob ɗin yaron nan na Slovenia suka miƙa shi ga wani kulob, duniya ta ɗauka? Alhaji Mumuni, mutumin Kumasi mai teburin turare kusa da nawa, shi ya kawo mini labarin da safe. Ka san abin da ya fara zuwa raina? Jesunan da suka rage mini masu tsohuwar kala. Ka zo hutun ƙarshen mako a lokacin, ka tsaya a tebur kana taya ni ninke kaya. Ka ce, "Har shi ma, Baba. Duk abin da ya yi musu, yanzu ana cewa ya yi nauyi, jikinsa ba zai kai ba."

Bayan wani lokaci na gan shi a talabijin ɗin shagon aski, ranar da ya koma tsohon filinsu da sabuwar riga. Ana nuna masa hotunan shekarun da ya yi a can, yana zaune a benci yana share hawaye da tawul. Shekara da shekaru ina rataye sunansa a kan ƙarfe ina sayarwa, ban taɓa tunanin cewa ɗan wani ne ba, mai uwa, mai gwiwa da idon sawu da ke ciwo. A kujerar askin nan na ga cewa yadda na ɗauke shi haka na ɗauke ka. Mai askin ya ga idona ya kawo ruwa, ya tambaye ni ko reza ce ta yanke ni. Na ce a'a.

Don haka kada ka jingina darajarka a kan tafi. Kulob ɗin da za ka ƙarami ne, a garin da har yanzu ban iya faɗin sunansa daidai ba. Da aka tambaye ni a masallaci, bakina ya fara cewa babban kulob ne a Turai, sai na tsaya na gyara. Na ce ƙarami ne, kuma da ƙafar da aka yi wa aiki ya same shi. Za su so ka muddin kana jefawa tana shiga. Ka yi musu aiki da gaskiya, amma ka ajiye wani abu naka da ba za su iya karɓa ba: sallarka, da karatun gashin ƙashi da ka fara, da mutane biyu ko uku da za su zo dubiyarka ko ba ka buga ba. Ka koyi gaisuwarsu tun makon farko. Ka gaida mai share fili da mai tuƙa motar kulob. Ka nemi inda Musulmin garin suke sallah ko da ɗaki ɗaya ne. Ka kira mamanka, kada ka jira sai ta kira.

Ranar Litinin da ta wuce na rufe tebur da azahar na tafi makarantarku ta dā. Mista Rivera yana nan, amma yanzu ƙananan aji yake koya wa motsa jiki. Na same shi yana tattara ƙwallaye a cikin raga. Na miƙa masa takardar, ta yi rawaya a wurin ninkin. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya duba kwanan wata, ya sake karantawa. Ya zauna a kan benci.

Ya ce, "Ka san na bar horar da manyan yara a ƙarshen waccan shekarar? Na ce wa kaina mutumin da ya ga yaro yana ɗingishi ya sa shi a fili bai cancanta ba."

Na ce na zo neman gafararsa.

Ya ninke takardar ya mayar mini. Ya ce, "Ba ni ne na farko a layi ba. Ka gaya wa Khalifa. Bayan haka ka dawo, mu ga abin da zan iya."

Takardar tana cikin ambulan ɗin nan, bayan shafi na ƙarshe. Taka ce tun asali. Ka nuna wa likitan kulob ɗinku, ya san tarihin gwiwar daga farkonsa.

Da na so in sa wasiƙar a jakarka, ka karanta bayan jirgi ya tashi, inda ba za ka iya dubana ba. Na ga wannan ma wata ɓuyar ce. Shi ya sa Zainab za ta ba ka ita yau, saura kwana uku. Mamanka kuma da bakina zan gaya mata idan ta dawo daga aiki, kuma na san abin da ke jirana. Ban ce ka yafe mini kafin ka tafi ba. Idan kana da magana, ka faɗe ta duk yadda ta zo, da Turanci ma, zan zauna in ji har ƙarshe ba zan katse ka ba. Idan ba ka son ganina a filin jirgi, ka gaya wa Zainab, zan tsaya a gida, kuma addu'ata za ta bi ka duk da haka.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya. Ya ƙarfafa maka gwiwar nan, Ya kare ta daga abin da ya same ta a baya. Ya tsare ka daga mugun aboki da mugun mashawarci, na waje da na gida. Idan Ya ba ka 'ya'ya, Ya sa ka gan su yadda suke. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sani